Gidan Anangu a gindin Uluru

Duk wanda ya ji zan je Uluru abu ɗaya yake ce min: ki ɗauko mana hoton dutsen da faɗuwar rana. Na ɗauko. Amma labarin da nake son ba ku na cibiyar al'adun da ke kusa da dutsen ne, inda ba a yarda a ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Uluru na tsakiyar Ostiraliya, tafiyar kusan kilomita 450 daga Alice Springs, tsayinsa mita 348. Masu ƙasar su ne Anangu, masu magana da Pitjantjatjara da Yankunytjatjara. Gwamnati ta mayar musu da takardar mallakarta ranar 26 ga Oktoba 1985, su kuma suka ba hukumar gandun daji hayarta na shekara 99, ana gudanar da wurin tare da su. A 1995 aka buɗe cibiyar. Ginin na tubalin ƙasa ne, ya lanƙwasa gida biyu a siffar macizai biyu na labarin kakanninsu, Kuniya da Liru. Kuniya mesa ce da ta zo ramuwar gayya bayan mayaƙan Liru sun kashe ɗan ɗan'uwanta, kuma har yau ana nuna tabon faɗan a jikin dutsen, kusa da tafkin Mutitjulu.

Da shigarka za ka fara karanta bayanin Tjukurpa, wato dokarsu da tarihin halitta da yadda za a zauna da ƙasa. Abin da ya fi kama ni shi ne ba su ɓoye cewa ba komai za su gaya maka ba. Akwai labarin maza, akwai na mata, akwai wanda sai ka kai wani matsayi a cikinsu za ka ji. Baƙo rabonsa ɗan abin da ake koya wa yara. Na ga hoto a bango an rufe fuskar mai shi saboda ya rasu, don a al'adarsu ba a nuna hoton mamaci ko kiran sunansa na wani lokaci. Wallahi hakan ya ƙara musu girma a idona. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa, aka raba wasunsu da 'ya'yansu, yau su ke yanke abin da za a gani da wanda ba za a gani ba.

Na fi daɗewa a shagon Maruku, wanda masu sana'ar ne da kansu suka mallake shi. Wata dattijuwa na zaune a ƙasa gefen garwashi, ta jera wayoyin ƙarfe a wuta. Sai ta zaro ɗaya da ta yi ja, ta ɗora a bayan ƙadangaren icce da aka sassaƙa, hayaƙi ya tashi, ta mayar ta ɗauko wata. Layi bayan layi, ba awo, ba zanen fensir. Nan take na tuna masu ƙona ado a jikin ƙwarya a kasuwanninmu, har ƙaurin ma kusan ɗaya. Na gaishe ta da "palya", ta amsa ba tare da ta ɗago ba, hankalinta na kan aikinta.

Akwai kuma wasiƙun mutanen da suka tsinci duwatsu a wurin suka tafi da su ƙasashensu, daga baya suka aiko da su ta gidan waya suna neman gafara. Hawan dutsen ma an rufe shi ranar 26 ga Oktoba 2019, bayan Anangu sun shafe shekaru suna roƙon a daina.

Abu ɗaya ke ci min tuwo a ƙwarya. A 2022 wata hukumar gwamnatin ƙasar ta gano cewa biyu cikin uku na tsarabar da ake sayarwa da sunan 'yan asalin Ostiraliya jabu ne, babu hannunsu a ciki. Ga masu abin nan suna ƙona yatsu a garwashi, wasu can na cin kuɗin. Shi ya sa ban sayi komai a shagunan filin jirgi ba. A Maruku na sayi ɗan akushin icce, piti, ya fi na can tsada, amma an haɗo min da sunan matar da ta yi shi da garinsu.