Lissafin takarda da lissafin ƙafa a Dutsen Kagoro

Muna aji uku a jami'a, sashen nazarin ƙasa, aka raba mu rukuni-rukuni don aikin fili. Mu shida aka tura gindin Dutsen Kagoro, a ƙaramar hukumar Kaura. Aikinmu shi ne mu bi wata ƙorama daga inda ta sauko cikin gonaki har kusa da idonta, mu auna faɗinta da zurfinta da gudun ruwanta a wuri goma. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar, wai don na fi kowa iya karanta taswira. Wannan yabo kuwa ya hau mini kai.

Tun a Kaduna, kafin mu shiga motar Kafanchan, na gama lissafina. Taswirar mai ma'aunin 1:50,000 ce, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Na bi layin ƙoramar da zare, na miƙe shi a jikin rula, na sami kilomita 7. Sai na ɗauko ƙa'idar da Malam ya koya mana, wadda wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotlan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa 1 ga kowace kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Na haɗa da lokacin awo da na dawowa, na bugi ƙirji na ce kafin la'asar mun dawo har mun yi wanka. Muka wuce Kachia, muka wuce Zonkwa, ina ta nanata musu.

Washegari da asuba muka je gaida mai unguwa, kamar yadda Malam ya ja mana kunne. Ya haɗa mu da wani dattijo manomi da zai yi mana jagora, da takalmin roba da adda da 'yar sandarsa. Na shimfiɗa masa taswira, ya duba cikin ladabi.

"Ɗana, wa ya bi hanyar nan ya zana ta?"

"Baba, daga hotunan jirgin sama aka fitar da ita."

"To, na sama ai ba ya ganin karara."

Muka yi dariya, har da ni. Kafin hantsi na daina. Watan Oktoba ne, damina na bankwana, ciyawa ta fi tsawon mutum. Muna barin gonakin citta da na acca muka faɗa kurmi, inda rana ba ta isa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Layin nan mai ruwan bula da ya kwanta sumul a takarda, a ƙasa duwatsu ne masu gansakuka da saiwoyi da sarƙaƙiya. Baba bai bi bakin ruwan ba ma. Wata siririyar turba ya ɗauka wadda mata masu itace ke bi, tana lanƙwasa nan ta lanƙwasa can, ta rabu da ƙoramar ta sake dawowa. Raina ya sosu, don kowace kwana ƙarin mita ce a kan lissafina. Sau ɗaya na ce bari in yanke. Na yanke ɗin, na fito wuyana da damatsana suna ƙuna kamar an watsa mini barkono. Baba bai ce uffan ba, ya dai hana ni sosawa.

Naismith bai yi ƙarya ba. Don lafiyayyen mutum a buɗaɗɗen dutse ya yi ƙa'idarsa, bai yi ta don ɗalibai shida da kayan awo a cikin kurmi ba, ɗaya ma da takalmin zuwa biki. Malam ya faɗa mana haka a aji, ni ne na riƙe lambobin na zubar da sauran.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wuri na shida ya faru. Azahar ta gota, rana tana haskawa a kanmu. Ina cikin ruwa iya gwiwa riƙe da bakin tef, abokina yana sakin lemo daga sama muna ƙirga daƙiƙun da zai yi ya ci mita 10. Baba yana zaune a kan wani falalen dutse yana cin goro. Sai kawai ya miƙe.

"Ku fito, 'ya'yana. Yanzu."

Na ce saura awo ɗaya, Baba. Ya nuna ruwan da sandarsa. Ruwan da ɗazu nake ganin yatsun ƙafata a cikinsa ya soma komawa kalar koko, busassun ganye da ƙirare suna biyo shi. Wata iska mai sanyi ta gangaro daga saman kwarin. Ta tsakanin rassa na hango kan dutsen ya yi baƙi ƙirin. Muka kwashe kaya muka haye tudu. Ba mu gama mayar da numfashi ba sai ga ƙugi, dutsen da na ajiye littafina a kai ya nutse, ɗigo ɗaya kuma bai sauka a kanmu ba tukuna.

Abin kunyar shi ne na san dalilin. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma ɗauke da laima. Idan ta ci karo da waɗannan duwatsu na gefen tsaunukan Jos sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa yankin Kagoro da Kafanchan ya fi Zariya ruwa da duhun itatuwa, daga maɓuɓɓugan nan kuma ruwan Matsirga, mai faɗowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, yake samun abin da yake zubarwa. Dutse ba ya shan ruwa, kwari kuma matsattse ne, don haka abin da ya sauka a sama tare yake isowa ƙasa. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci maki. Ban taɓa haɗa shi da gwiwata da ke cikin ruwa ba. Baba bai san sunan tekun ba, amma ƙasar da yake noma ce, ya san launin da ruwanta ke yi idan zai ci mutum.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan ma ba na cikin lissafina. Ƙasa ta jiƙe, cinyoyi na rawa, Baba yana cewa mu taka a karkace, mu bar tazara don kada na baya ya turo wa na gaba dutse. Ana kiran sallar isha'i muka shigo gari, da awo shida cikin goma.

A daren wani ya kawo shawarar mu cike guraben huɗu da lambobi masu kama da gaskiya. Ba zan ɓoye ba, na ɗan yi shiru kafin in ƙi, kuma tsoron Malam ya fi tsoron Allah yawa a cikin ƙin nawa. Muka bar su fayau, muka rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru.

Da rahoton ya dawo, Malam bai taɓa guraben ba. A bangon gaba, ƙarƙashin jerin sunayenmu, ya rubuta da jan biro: "Mutum bakwai suka yi wannan aiki. Shida na gani."