Mota uku, hanyar Tawa guda

Kuɗin da ke hannuna ba su kai na sabuwar mota ba, kuma iyali sun yi yawa ga babur. Don haka na tsaya kan tsoffi uku da ake samu a Yamai: Peugeot 504 doguwa, Mercedes 240D da Toyota Corolla ƙirar 1987 zuwa 1992. Kowace na tuƙa ta, biyu aro daga ƴan uwa, ɗaya daga hannun dillali. Abin awo kuwa hanyar gida ce: Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni, a karkata arewa ta Badagishiri zuwa Tawa, sama da kilomita 500, sannan a bar kwalta a shiga jar ƙasa zuwa ƙauyenmu.

Corolla ba ta da dogon labari. Injinta mai lita 1.3 ba ya shan mai, tayoyin gaba ke ja, kayan gyaranta ko'ina akwai. Cikin gari ba ta da na biyu. Amma a zuba mata mutum biyar da buhun hatsi, sai bayanta ya zauna, cikinta ya dinga shafar ƙasa a duk inda ruwa ya ci hanya.

Mercedes ɗin, wadda aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, gazuwal take sha. Injin lita 2.4 ne, amma ƙarfinsa doki 72 kacal, ga jiki mai nauyi. Kafin ka wuce babbar mota mai ɗauke da albasar Galmi sai ka yi dogon lissafi. Idan ta kama gudunta fa, zama ne na sarauta, tsohuwarmu har barci ta yi.

A kan 504 na fi daɗewa. Ta fito a 1968, doguwar ta biyo baya a 1971 da layin kujeru uku, wurin mutum bakwai. Injin fetur mai lita 2 ya haura doki 90, tayoyin baya ke turawa, kuma nauyin kaya yana danna su ƙasa, shi ya sa take ƙara riƙe hanya idan an yi mata lodi. A gargada tana lilo ne kawai ta wuce. Tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, aka yi shekara kusan 30 ana yi, don haka kayanta sun cika kasuwannin bakin iyaka, kuma da wuya ka sami tashar da babu dattijon da ya san kafiretonta. Mai kam tana sha, balle yanzu da na kwalba ya daina araha tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023.

Bakanikenmu bai ko dubi lambar kilomita ba. Ya ce, "Alhaji, wannan lambar hannu ke juya ta. Kwanta ka ga ƙasa." A nan na koyi duba tsatsa a ƙarƙashin ƙofofi da mazaunin sifirin, da buɗe lagireto a ga launin ruwan, da tayar da inji da sanyin safiya kafin mai mota ya ɗumama shi. Hayaƙi shuɗi, inji na cin baƙin mai ke nan.

504 na saya. Kafin Sallar Layya na canja lagireto da robobin ƙafa, na kuma ware kuɗin mai daban, don ragon ma da shi za a tafi.