Yadda na sayi motata ta farko da kuɗin adashe

Shekara uku na yi ina zubin adashe a wurin aiki, burina ɗaya: in sauke iyalina daga kan babur. Yarana biyu ke zuwa makaranta, kuma duk damina hankalina ba ya kwanciya idan hadari ya haɗo muna kan titin Zariya, ɗaya a kan tanki ɗaya a bayana ta ƙanƙame ni. Lokacin da na fara tarin, lissafina ya nuna zan samu tokumbo mai kyau, wato motar da aka mora a ƙasar waje aka shigo da ita. Kafin kwasata ta zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, kuɗin kwastan ya bi Dala ya hau sama. Motar da na ƙwallafa wa rai ta fi ƙarfina. Naira miliyan 5 da 'yan kai da ke hannuna ba za su kai ga komai ba sai motar da aka riga aka mora a nan gida.

Wadda na fara gani saura ƙiris ta cinye min kuɗin nan kaf. Honda Accord ce, wadda ake kira EOD, baƙa wuluk tana sheƙi. Da la'asar dillalin ya kai ni, na tarar an riga an tayar da ita, sanyin AC ya cika ciki. Ya ce, “Malam, wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis. Ka ajiye kafin alƙalami yau, don akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗinsa gobe.” Wallahi zuciyata ta tafi. Har na ciro waya zan tura, sai na tuna alkawarin da na yi wa makanikin unguwarmu, dattijon da ya fi shekara 20 yana kwance injuna, cewa ba zan ba da ko kwabo ba sai ya gani.

Da na kira shi, ya ce, “Malam, kada ka bari a tayar da ita gobe sai na iso. Da sanyin safiya mota ke faɗin gaskiya.” Ƙarfe bakwai muna wurin. Ya fara dafa injin da hannu don ya tabbatar a sanyaye yake. Ya buɗe murfin baƙin mai, sai ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne a cikinsa. Aka tayar, ya buɗe lagireto tun bai yi zafi ba, ruwan yana ta fitar da kumfa. Ya ja ni gefe ya ce gaskit ɗin kai ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu, kuma motar ta sha zafi ba sau ɗaya ba. Sannan ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin jikinta da shi. A ƙofar direba ya kama, a gefen baya ya zame ya faɗi, alamar an cike wurin da fila bayan hatsari aka rufe da fenti. Muka yi musu sallama muka tafi. Kwana biyu ina jin zafin rabuwa da motar nan, ba zan ɓoye ba.

A hanya ne ya yi min tambayar da ta sauya min lissafi: “Idan ka zuba kuɗinka duka a saye, da me za ka yi gyaran farko?” Ban taɓa tunanin haka ba. A ranar na ware Naira dubu 600 na ce ba sa cikin ciniki, kowace irin mota na gani. Muka kuma tsayar da magana a kan Toyota Corolla ta tsakanin 2003 da 2008. Ba ta da wani kwarjini, amma injinta mai lita 1.8 ba ya shan mai sosai, sarƙar ƙarfe ce ke daidaita tafiyarsa ba bel na roba ba, kuma duk abin da ya lalace a jikinta za ka same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sabo ko na Beljiyam, kowane makaniki kuma ya san cikinta. Ga mai albashi irina, wannan ya fi kujerar fata.

Wata biyu muna nema. Mun duba bakwai, kuma duk fita ina biyansa kuɗin lokacinsa, don ba na son ya zama da wanda zai ci riba da sayena. Wata an cire mata abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi. Wata giyarta tana fizga idan za ta shiga ta biyu. Wata kuma da muka ɗaga kafet muka ga busasshen taɓo da tsatsa a ƙarƙashin kujera, shaidar ta taɓa nutsewa a ruwa.

Ta takwas ta zo ta hannun abokin aikina: maƙwabcinsa ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Ranar da na gan ta gabana ya faɗi. Rana ta cinye fentin rufinta, kujerar direba ta yage, fitila ɗaya ta dushe. Makanikina ko kallon waɗannan bai yi ba. Bugu ɗaya ta tashi, babu shuɗin hayaƙi, babu ƙara. Ya jona na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ta nuna matsalar sensa ɗaya kawai. Muka hau da ita kan rami, ya bi shasi da tocila yana neman walda ko lanƙwasa, bai samu ba. Muka fita babban titi, ya taka ta sosai da AC a kunne, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko za ta ja gefe, ya taka birki da ƙarfi, sannan muka shiga cunkoson kasuwa muna kallon allurar zafi. Ba ta motsa daga tsakiya ba. Da muka tsaya ya ce, “Malam, wannan mummuna ce amma lafiyayya. Shokazoba da tayoyi ne aikinta.” Shi ya koya min karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin sun haura shekara bakwai duk da zanensu bai cinye ba. Da wannan hujja na nemi ragi, Baba mai motar kuma bai ja ba. Muka daidaita a miliyan 4 da dubu 500.

Takardu su suka fi ɗaukar min lokaci, kuma ban yi nadama ba. Tun watan Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, motoci da yawa sun shigo daga Kwatano ta daji da takardar kwastan ta bogi, kuma wanda aka kama da ita a hanya shi ke asara, ba wanda ya shigo da ita ba. Na gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya. Na je ofishin kwastan da kaina aka tabbatar min an biya kuɗin fito. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu-biyu, na haɗa da kwafin katin shaidarsa, na biya ta banki don a samu shaida. Bayan nan na yi canjin suna da inshorar Naira dubu 15.

Kuɗin da na ware kuwa ba su kai ƙarshen wata ba. Tayoyi huɗu, shokazoba na gaba, batir, juyen baƙin mai da na giya, fulogi, sensar nan, da kuɗin takardu suka cinye su. Da na san haka da miliyan guda na ware. Akwai kuma abin da ya wuce mu duka biyun: a rani muka saya, ba wanda ya yi tunanin watsa mata ruwa. Ruwan farko da aka yi, na buɗe but na tarar tayar safaya tana iyo, robar murfin ta mutu. Naira dubu 12 aka canza min ita a Ƙofar Ruwa.

Washegari aka sake tafka ruwa daidai lokacin tashin makaranta. Na ɗauko yaran, gilasai a rufe, waifa na aiki, masu babura sun fake a ƙarƙashin gada inda ni ma nake tsayawa a da. Kafin mu kai gida ƙaramar ta yi barci a kujerar baya, jakarta a ƙarƙashin kanta. Fentin rufin yana nan yadda yake har yau, na sa shi a lissafin kwasar adashe mai zuwa.