Darasi kan zaɓen fistol mai babban harsashi don ɗauka kullum

A Amurka, inda dokar jihohi ta yarda farar hula ya yi yawo da bindigar hannu a ɓoye, masu koyar da harbi sun daɗe da gane cewa nauyin bindigar ne ke yanke hukunci kafin girman harsashinta. Fistol samfurin 1911 mai cin harsashin .45, na ƙarfe zalla, ya ɗan haura kilo 1 tun ba a loda shi ba, kuma harsashi 7 gidansa ke ci. Wanda zai wuni da wannan a ƙugu sai da bel mai tauri da kube mai rufe kunama gaba ɗaya. In bel ya yi laushi bindigar sai ta riƙa rinjaya waje, mai ita ya gaji, ƙarshe ya bar ta a gida.

To sai mutum ya ce bari ya sayi ƙarama mara nauyi, kuma a nan matsalar take. Harsashin .45 ACP, wanda John Browning ya ƙera, kaurinsa ya kai milimita 11 da ɗoriya, nauyin kansa kusan giram 15. Ƙarfin da ke tura shi gaba shi ne ke dawowa hannu, kuma duk abin da aka rage daga nauyin bindigar wuyan hannu ne zai biya. Bakinta zai ɗaga sama, harbi na biyu ya makara. Mai harbin kuma ya fara noƙewa kafin ƙarar, yana danne bakin ƙasa, harsashi na sauka ƙarƙashin inda ya saita. In riƙon ya yi sako-sako, ƙarfen saman da ke ja da baya ba ya kai wa ƙarshe, sai kwanson ya maƙale a ƙofar fita. Gajeren bututu na inci 3 yana ƙara nasa: sifirin yana saurin mutuwa, gudun harsashi yana raguwa, har harsashi mai rami a kai, wanda aka yi don ya buɗe in ya shiga jiki, ya kasa buɗewa yadda aka tsara shi.

Yawan harsashi ma abin dubawa ne. A fistol-fistol na kamfanin Glock, Glock 36 mai .45 na cin 6, Glock 30 mai .45 na cin 10 amma ya fi kauri a jiki, Glock 19 mai ƙaramin harsashi na milimita 9 (9mm) kuwa 15 yake ɗauka. Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, ta bi hanyar neman babban harsashi har ƙarshenta. Bayan musayar wuta a Miami a 1986 ta koma 10mm, ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi, aka samar da harsashin .40 S&W a 1990, daga baya ta dawo 9mm. Ma'auninta shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a kayan gwaji, kuma 9mm na zamani yana cika shi. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi ta zaɓen 9mm, sai dai ba ta hana mai hannun riƙe .45 amfani da ita ba.

Gwajin da ya kamata kafin a biya kuɗi shi ne a yi hayar bindigar a filin harbi, a yi harbi biyar a jere daga mita 7, a duba ko sun taru. Bayan saye a gwada ainihin harsashin da za a riƙa ɗauka. A guji mayar da harsashi ɗaya ciki ana fitarwa kullum, domin kansa na nutsewa cikin kwanso, matsin albarushi ya hau.

A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta sa fistol da libarba cikin haramtattu, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa.