Godiya bayan dawowar Baba daga Yamai

Alhamdu lillahi, Baba ya kwana a ɗakinsa. Tun ranar da ƙugunsa ya karye a Yamai kuna tare da mu, ba sai an maimaita ba. Godiya ce ta kawo mu, sai kuma bayani ga masu tambayar abin da ya sa tafiyar ta ci kwana biyu.

Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa na Malam Aminu Kano kilomita 700 ne da 'yan kai, jirgi kai tsaye awa ɗaya da 'yan mintoci zai yi. Irin wannan jirgin ne ba a samu ba. Mota kuwa ta Dosso, Birnin Konni, Maraɗi, Jibiya, Katsina ta haura kilomita 900, likita ya ce ƙashin da aka ɗora ba zai jure jijjigar ba. Dole aka zaga: Yamai zuwa Lome, Lome zuwa Legas, sannan Legas zuwa Kano, wanda shi kaɗai awa ɗaya da rabi ne. Jimilla kusan kilomita 1,900. Zaman cikin jirgi bai kai awa biyar ba, jira ne ya cinye sauran, ga hazo ya hana sauka Kano, aka kwana Legas.

Mai niyyar ɗauko marar lafiya ya riƙe takardar likita mai cewa zai iya hawa jirgi, da katin rigakafin shawara. Keken guragu kuma a nema tun kwana biyu kafin tashi, a tabbatar an rubuta shi a kan kowane zango, don namu a zangon farko kaɗai aka rubuta. Magani ya zauna a jakar hannu. A Legas sai an karɓi kaya an hau mota zuwa ɓangaren jiragen cikin gida, kada a bar ƙasa da awa uku a tsakani.

Agogon Yamai da na Kano ɗaya ne, amma Lome tana bayanmu da awa guda, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da za a tashi ne. A Lome autanmu ya duba agogon hannunsa ya ɗauka jirgi ya tafi, ya durƙusa gaban Baba yana kuka. Wata Hajiya 'yar Damagaram ce ta dafa shi ta ce, "Ɗana, tashi, da sauran awa." Ta yi musu tafinta da Faransanci har aka kawo keke, ta cire mayafinta ta rufa wa Baba ƙafafu saboda sanyin wurin. Ko sunanta ba a tambaya ba. Allah Ya rufa mata asiri duniya da lahira, Ya sa 'ya'yanta su yi mata fiye da haka.

Kawu na Ringim ya hana a ambace shi, ya yi haƙuri, shanunsa biyu ne suka zama tikiti. Gwaggo da matan unguwa da suka riƙe Inna, Malam Liman da bai fasa addu'a ba, direban garinmu da ya kwana biyu a mota a bakin filin jirgi, Allah Ya saka da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku. 'Yan'uwa na birni da wayarsu ta daina shiga a makon nan, mun ga saƙonninku jiya.

Masu zuwa dubiya, a bari sai bayan la'asar, da safe mai gashin ƙashi ke zuwa.