Kwalbar da ta yi ƙamshin hulba

Ni ba na sha. Gara in faɗa tun farko, don na san Yaya za ta karanta wannan daga Damagaram, kuma wayarta za ta shigo kafin ta gama layi na biyu. Aikina a wani ɗakin gwaje-gwaje ne kusa da Angers, yammacin Faransa, inda manoman inabi ke kawo mana giyarsu mu auna musu tsami, da sukarin da ya rage, da yawan farar wutar da ke ciki, wadda ake saka wa giya don kar ta lalace. Na'ura ke yin rabin aikin, hanci ya ƙarasa. Shekara shida ke nan ina shanshanar giyar mutane ina tuttulawa a kwatami.

Watan jiya wani dattijo daga Savennières ya shigo da kwalabe a cikin kwali, duk na gonarsa: ta bara, wata mai shekara goma, da guda biyu da suka haura shekara ashirin. Ya gano ragowarsu ne a lungun ɗakin ajiyarsa, yana so ya san ko za su sayu.

Savennières ƙauye ne a gaɓar kogin Loire, kudu maso yammacin Angers, kuma inabi iri ɗaya suke yin farar giyarsu da shi, wanda ake kira Chenin. Tsohon gidan sana'ar ne: gonar Coulée de Serrant, wadda ba ta wuce hekta 7 ba, sufayen Kirista ne suka dasa ta a 1130. Yawancin giyarsu marar zaƙi ce, wato yisti ya cinye sukarin kusan kakaf, abin da ya rage bai wuce giram 4 a lita ba.

A nan abin yake ba ni sha'awa. Giya mai zaƙi sukari ke tsare ta. Jar giya tana da wannan ɗacin ɓawo da ƙwallon inabi mai ɗaure baki, irin na goro, shi ke kare ta daga iska. Farar giya marar zaƙi ba ta da ko ɗaya. Tsami kaɗai ne garkuwarta, sai 'yar farar wutar da aka saka mata. Kuma babban tsamin inabi shi ne dai wanda ke cikin tsamiyar da muke dama kunu da ita. Ranar da na fara ganin haka a takarda sai da na yi dariya ni kaɗai.

Na jera kofuna a kan farar takarda. Ta bara kusan kamar ruwa take, da ɗan kore-kore, ƙamshinta ɗan kaɗan, na ɗanyen tuffa da ɓawon lemun tsami. Dattijon da kansa ya ce ba ya ba baƙo ita, wai tana yanka harshe. Mai shekara goma ta koma launin tattakar gero, ƙamshin 'ya'yan itacen ya ja baya, na kakin zuma ya fito, da wani irin na rigar ulu da ruwan sama ya taɓa. Farar giya duhu take yi in ta tsufa, ja kuwa koɗewa take yi, har su kusa haɗuwa a launin ƙasa-ƙasa.

Ta uku na daɗe a kanta. Launin zinariya, ƙamshin zuma alhali na'ura ta nuna babu sukarin kirki, da na soyayyar gyaɗa, da busasshen ganye. Duk lokacin da na ajiye kofin na dawo sai in tarar ya sauya. Tsaminta yana nan daram, kusan yadda yake a ta bara. Shekarun ba su taɓa shi ba, abin da ke kewaye da shi suka sauya.

Kowane inabi da tasa hanyar tsufa. Riesling na Jamus in ya kwana biyu sai ya yi warin kananzir, kuma masu sonsa kuɗi suke biya don wannan warin. Wani sinadari ne da ake kira TDN, yana fitowa daga launin da ke ɓawon inabin, ya fi yawa inda rana ta bugi 'ya'yan sosai. Ni dai fitilar ƙwan da muka yi karatun dare da ita yake tuna mini. A Hunter Valley ta Ostireliya kuwa suna cire inabin Semillon tun bai nuna sosai ba, su zuba a kwalba ba tare da ya ga gangar itace ba, amma bayan shekara goma sai ya yi ƙamshin gasasshen burodi, irin wanda gangar itace ke ba giya, har ka rantse a ganga ya kwana.

Kar a ɗauka kowace haka take. Mafi yawan farar giyar da ke kan kanta an yi ta ne don a sha cikin shekara ɗaya zuwa uku, ajiye ta asara ce kawai. Wadda ke jure shekaru sau da yawa ita ce wadda ba ta da daɗin sha'ani tun tana sabuwa.

Sai na buɗe ta huɗu. Shekararsu ɗaya da ta uku, kwali ɗaya suka kwana. Launinta kamar shayin da aka manta a buta. Na kai hanci, sai ga hulba, sak irin wadda Inna ke jiƙawa, haɗe da warin tuffar da ta faɗo ta daddauje. Sinadarin da ke ba hulba ƙamshinta, sotolon, shi ne ke taruwa a farar giya in iska ta yi mata yawa. A yankin Jura na gabashin Faransa da gangan suke neman sa: suna barin giya a ganga shekara 6 da wata 3 ba tare da cike gurbin da ya ƙafe ba, su sayar a kwalba mai santilita 62, da tsada. A can ado ne. A kwalbar dattijon nan mutuwa ce.

Laifin toshiyar ne, wannan da ake yankowa daga ɓawon itace. Ta uku tata na nan da tauri, ta huɗu kuwa ta farfashe a hannuna. Masu giyar yankin Burgundy, a nan Faransa, sun sha wannan azaba da fararen giyarsu na wajen 1995 da 1996, waɗanda suka lalace shekaru kafin lokacinsu, har yau ana musu ko toshiya ce, ko rage farar wuta, ko sabbin injinan matse inabi. Ajiya mai sanyi, wajen digiri 12, a duhu, kwalba a kwance, tana taimakawa, amma ba ta gyara toshiyar da ta riga ta saki.

Na gaya wa dattijon ba zan iya rubuta sakamako ɗaya ga dukan kwalin ba. Na ba shi shawara ya ɗaga kowace kwalba a gaban fitila, ya ware masu duhu da waɗanda ruwansu ya sauka ƙasa da wuya. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki kofi na uku ya kurɓa, ya yi shiru. Sannan ya ce shekarar da aka yi ta matarsa ce ta riƙe masa littafin lissafi. Ya tambaye ni ko da gaske ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na ce da gaske. Ya mayar da toshiyar, ya sa kwalbar a aljihun kwat ɗinsa, ya bar mini sauran ukun in zubar.