Awa 48 ɗin da shugaban sansani ba ya son ji: darussan aikin jinya a sansanin yara na Amurka

Wanda ya ajiye aikin jinya a sansanin kwana na yara, inda iyaye ke kai 'ya'yansu su yi kwanaki a lokacin hutun makaranta, yakan fita da abu biyu: ciwon baya, da maganar da ya daɗe yana haɗiyewa. Tawa maganar ga 'yan uwa ma'aikatan jinya ce da masu kula da ɗakunan yara da za su shiga aikin a hutun bazara mai zuwa. Ba zan tsaya kan rabon maganin safe da auna zafin jiki ba, kowa ya san wannan. Kuskure ɗaya ne yake rusa sansani a cikin mako guda, kuma kusan kullum daga ofis yake fitowa, wato mayar da ma'aikacin da ya yi amai da gudawa bakin aiki don kawai ya ce ya ji sauƙi.

Ga yadda abin yake tafiya. Wani matashi mai taimakon kuku ya kwana yana zarya banɗaki. Da safe ya sha ruwa ya zauna masa, fuska ta ɗan washe. Kicin kuwa mutum huɗu ne ke ciyar da yara ɗari biyu, rashin ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne. Sai shugaba ya leƙo ɗakin jinya da murmushi ya ce ai wani abu ne ya ci da bai karɓe shi ba, ya sa safar hannu ya koma kan yanka latas da burodi. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan nan ɗakuna uku sun kama a dare ɗaya, a kuma juyo ana tambayar nas me ya sa ba ta gano da wuri ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ƙwayar da ta fi yin wannan ɓarna ita ce noro, wadda aka fara yi wa suna da garin Norwalk na jihar Ohio, inda ta kwantar da kusan rabin ɗalibai da malaman wata firamare a 1968. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta tana kama mutum miliyan 19 zuwa 21 a ƙasar duk shekara. Daga shigarta jiki zuwa fara amai awa 12 ne zuwa 48, ciwon kuma kwana ɗaya ne zuwa uku. Gajartar nan ita ke yaudarar mutane. Wanda ya warke yana ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har mako biyu ko fiye, mafi yawa a kwanakin farko. Biliyoyi yake fitarwa, alhali 'yan ƙalilan sun isa su kwantar da yaro. Shi ya sa ƙa'idar take cewa kada ya taɓa abincin kowa sai an cika aƙalla awa 48 daga amai ko gudawa na ƙarshe. A lura da kalmar na ƙarshe. Ba daga lokacin da ciwon ya fara ake ƙirgawa ba, kuma in ya sake zawo sau ɗaya a tsakani, lissafi ya koma farko. A rubuta ranar da sa'ar a littafin jinya, a sa hannu, a ba shugaba kwafi. In ya ƙi bi, takardar ce za ta yi magana ranar da jami'an lafiya na gunduma suka zo da tambayoyinsu.

Safar hannu da ake fakewa da ita ba ta warware komai. Da hannun da ke ɗauke da ƙwayar ake zaro ta daga kwali a saka. Abincin da ya fi hatsari kuwa shi ne wanda ba zai sake ganin wuta ba: ganye, 'ya'yan itace da aka yanka, burodi, ƙanƙarar da ake zubawa a abin sha.

Rabin kuskuren na biyu yana wajen goge aman farko. Yaro ya yi amai a zauren cin abinci, mai kula da shi ɗan shekara goma sha tara ya ruga ya ɗauko mofa da bokitin da ake wanke ko'ina da shi, ya goge, ya fesa abu mai ƙamshin lemo, aka ci gaba da cin abinci. To, an gama raba cutar ke nan. Amai yana watsa ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, su sauka a kan tebur da faranti da cokali. Abin da ya kamata shi ne a fitar da yaran daga wurin tukuna. Duk abincin da ke buɗe a kusa a zubar, hukumomin lafiya na jihohi da dama suna cewa har nisan ƙafa 25, kusan mita takwas. Mai gogewa ya sa safar hannu da takunkumi da rigar leda. Ya rufe aman da tawul ɗin takarda ko garin nan mai tsotse ruwa, ya kwashe cikin leda, ya ɗaure, ya sa a wata ledar. Ya wanke wurin da sabulu da ruwa, sa'an nan bilic, wato ruwan wanki mai kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya biyo baya, domin bilic ɗin da aka zuba a kan ƙazanta ƙarfinsa yake ƙarewa a kanta kafin ya kai ga ƙwayar.

Haɗin bilic ɗin ma ana yawan kuskurensa. Na gida mai ƙarfin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ana sa babban cokali 5 zuwa 25 a galan ɗaya na ruwa, wato kusan mililita 20 zuwa 100 a lita guda. Ƙaramin ma'aunin na tebur ne da hannun ƙofa da kan famfo, babban kuma na inda amai ko kashi ya taɓa. A bar shi jiƙe aƙalla minti biyar kafin a ɗauraye. Masu gaggawa suna fesawa su goge nan take, aikin banza. A haɗa sabo kowace rana, a rubuta kwanan wata a jikin robar, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanke banɗaki, don hayaƙin da zai tashi shi kansa sai ya kai mutum asibiti. Zanin gado da barguna kada a kakkaɓe su. A naɗe a hankali, a wanke da ruwan zafi a zagaye mafi tsawo na injin, a busar da zafi mafi ƙarfi. Katifar da ba ta da rigar leda, in amai ya ratsa ta, hakura ake yi da ita.

Sai man goge hannu mai sinadarin barasa da ake jerawa a ƙofar zaure kamar ado. Yana da amfani a kan mura da korona, amma a kan noro rauninsa sananne ne. Sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20 ne maganinta, kuma da babba tsaye a kan yaran, domin yaro ɗan shekara tara da yunwa ke ci taɓa ruwa kawai yake yi ya wuce. Sansanin da ke da famfo uku a gaban zaure mai cin yara ɗari biyu bai shirya wanke hannu ba, ko me aka rubuta a takardar talla. Ku lissafa: daƙiƙa 20 sau 200 a raba uku, sama da minti ashirin ke nan ba tare da ɓata ko ɗaya ba. Ko a ƙara famfo, ko a raba cin abinci kashi-kashi.

Da zarar yara biyu ko uku daga ɗaki ɗaya sun kama a yini guda, a ɗauka annoba ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. A ware masu ciwon da banɗakinsu na kansu, a kai musu abinci a faranti na yarwa. Ɗakin da suka fito ya zama rukuni guda, su ci tare, su yi wasa tare, kada a watsa ragowar cikin wasu ɗakuna da sunan nisanta su daga cuta, don waɗanda suka riga suka ɗauka ne ake rarrabawa. A dakatar da ɗiban abinci da kai, babba ɗaya mai lafiya ya riƙa zubawa. A kira hukumar lafiya ranar, a kuma sanar da iyaye ranar. A nan ne ake yawan karo da ofis, domin shugaba kuɗin rajistar baɗi yake hangowa. Amma uwa da ta ji labari daga bakin ɗanta bayan mako guda ba ta sake dawo da shi, wadda aka kira da wuri kuwa sau da yawa godiya take yi. Ruwan gishiri da sukari a riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi bayan 'yan mintoci, kada ya kwankwaɗa. Wanda ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko bakinsa ya bushe yana ta gyangyaɗi, ko aka ga jini a kashinsa, asibiti za a nufa da shi.

Cewa cuta ta hannun ma'aikaci take shigowa ba a kan noro kaɗai ya tsaya ba. A watan Yunin 2020, a wani sansani a jihar Jojiya, wani matashin ma'aikaci ya fara jin sanyin zazzaɓi, ya bar wurin ranar 23, gwaji ya nuna korona ranar 24, aka rufe sansanin ranar 27. Cikin mutum 597 'yan jihar da suka halarta, an samu sakamakon gwajin 344, kuma 260 sun kamu. An nemi kowa ya zo da shaidar gwaji na cikin kwana 12 kafin zuwa, amma ma'aikata kaɗai aka wajabta wa takunkumi, ba a buɗe tagogi da ƙofofi don iska ta ratsa ba, ga waƙe-waƙe da ihun murna kullum. A bazarar 2020 ɗin dai, sansani huɗu a jihar Maine suka karɓi mutum 1,022. Sun sa kowa ya killace kansa kafin zuwa, sun yi gwaji kafin isowa da bayanta, sun tsare yara rukuni-rukuni. Mutum uku aka samu da ƙwayar, ba su da alamar ciwo, aka ware su, ba ta wuce kan kowa ba. Takardar gwaji ta kwanakin baya tana ba da labarin ranar da aka yi ta ne kawai.

Katin rigakafi a karanta shi layi-layi, na ma'aikata ma haka, musamman waɗanda ake ɗauko wa daga ƙasashen waje. Ga iyayenmu da suka zo da yara daga Najeriya ko Nijar akwai tarko guda: a gida ana yin allurar ƙyanda ta farko a wata tara, a Amurka kuwa duk wadda aka yi kafin yaro ya cika shekara ɗaya ba a ƙirga ta cikin biyun da ake nema. Uwa za ta rantse an yi sau biyu, kuma gaskiya ta faɗa, amma a lissafin nan ɗaya ce. A gyara tun watan Mayu. Ƙyanda tana zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, tana kama kusan tara cikin goma na marasa rigakafi, kuma yaro yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. In ta ɓulla, awa 72 ake da su a yi wa wanda bai da rigakafi allura; nas ɗin da sai a lokacin za ta fara binciken fayil ta makara. Jerin sunayen marasa rigakafi ya kasance a aljihun tebur tun ranar farko. Haka kuma yaron da ya dawo daga hutu a Kano ko Maraɗi ya yi zazzaɓi a sansani, a gaya wa likita inda ya je, a nemi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar, don likitan ƙauyen Amurka ba zai kawo shi a ransa ba.

Rufe sansani ba shi ne ƙarshen aiki ba. A 2009 wani yaro ɗan shekara 11 ya dawo daga Birtaniya ya shiga sansani a jihar New York ɗauke da hangum. Cutar takan ɗauki kwana 16 zuwa 18 kafin ta nuna, don haka yara suka koma gida lafiya lau a ido, ta bi su makarantu, har aka ƙirga mutum 3,502 cikin shekara guda. Wasiƙa ga iyaye ranar tashi, mai faɗin abin da ya ɓulla da kwanakin da za su sa ido, aikin rabin awa ce.

Sauran gajeru ne. Yaron da ya yi gudawa kada ya shiga tafkin wanka, in kuma ƙwayar kirifto ce, wata mai sa gudawa da ake ɗauka a ruwa, sai mako biyu bayan ta tsaya, domin tana rayuwa fiye da mako a ruwan da aka sa wa kulorin daidai. Gadaje a jera su kai da ƙafa. Gorar ruwa da tawul da mataji da hula kowa da nasa, a rubuta suna. Duba ƙwarƙwata da makero ranar isowa ake yi, kafin a kai jaka ɗaki. Kaska a duba kullum da dare, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa da layin wando. A cire da ɗan hantsaki a ja sama a miƙe, ban da ashana ban da man shafawa, a rubuta ranar. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ƙurajen da ba sa dusashewa in an danna su da gilashin kofi, motar asibiti ake kira ko da ƙarfe uku na dare ne, ba a jiran izinin kowa. Jemage kuma in aka same shi a ɗakin da yara suka kwana, kada a kore shi ta taga. Cizonsa ba lallai ya bar tabon da za a gani ba, yaro mai barci kuma ba zai sani ba. A rufe ƙofa, babba mai safar fata ya kife shi da gwangwani, ya zura kwali ta ƙasa, kada a fasa masa kai domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa a ga ko yana da cutar haukan kare. In ya tsere, yaran ɗakin gaba ɗaya ne za a tattauna yi musu allurar haukan kare, sau huɗu cikin mako biyu ga kowane yaro.